Zoben sitaci mai ɗaukar magani: me ya sa ake son haɗa shi cikin ruwa zalla?

Mene ne saiklodekstirin?

Sukari ne da aka naɗe ya zama zobe. Daga sitacin masara, dankali ko rogo ake samunsa. Ana zuba wa sitacin wani enzayim da bakteriya ke fitarwa, ya gutsuttsura dogon zarensa, ya haɗa bakin kowane guntu da wutsiyarsa. Zobe mai gulukos 6 shi ne alfa, mai 7 beta, mai 8 gama. Bafaranshe Antoine Villiers ne ya fara cin karo da shi a 1891, Franz Schardinger na Ostiriya ya zo ya fayyace shi a farkon ƙarni na 20.

Siffarsa kamar bokiti marar gindi take. Bayansa yana jituwa da ruwa, cikinsa kuma yana gudun ruwa. Maganin da ya ƙi narkewa sai ya faɗa ramin ya zauna, zoben ya ɗauke shi zuwa cikin jini.

To me ya sa sai an gyara shi?

Beta ya fi arha, raminsa kuma ya fi dacewa da yawancin magunguna, amma yana da aibi biyu. Giram 18.5 kawai yake narkewa a litar ruwa, kuma idan aka sa shi a jijiya yana taruwa a ƙoda ya lalata ta. Zoben yana da hannaye 21 a gefensa. Idan aka rataya wa wasunsu 'yan gajerun sarƙoƙi, narkewarsa takan haura giram 500 a lita, ƙoda kuma ta fitar da shi cikin fitsari.

Iri biyu na betan da aka gyara haka ne suka mamaye fagen allura. Akwai wanda ake taƙaita sunansa da HPBCD, yana cikin ruwan maganin fangas na Sporanox. Akwai SBECD, wanda Valentino Stella da Roger Rajewski suka ƙirƙira a Jami'ar Kansas ta Amurka, aka ba su haƙƙin mallakarsa a 1992. Shi ne ake sayarwa da sunan Captisol.

Ina ruwanmu da sinadaran narkarwa? Ai ana busar da su a ƙarshe.

Nan gizo ke saƙar. Ramin da ke kama magani bai san bambanci ba, haka zai kama sinadaran da ake narkar da kayan haɗi a cikinsu maimakon ruwa, irin su toluwin, firidin ko DMF, ya riƙe. Abin da zai ƙafe cikin sauƙi daga wani garin, a wannan garin ya samu maɓoya. Wasu masana'antu ma da gangan suke amfani da wannan hali: su zuba toluwin domin beta ya kama shi ya kwanta ƙasan tanki, su kwashe, sannan su koma faman korar toluwin ɗin da tururi.

Hukumomin magani ba sa wasa da ragowar. Ƙa'idar 1997 ta ICH, majalisar daidaita ƙa'idojin magani tsakanin ƙasashe, ta kasa sinadaran gida uku. Benzin yana cikin waɗanda ake gudu, iyakarsa kashi 2 cikin miliyan. Na gida na biyu an ƙayyade musu iyaka: DMF kashi 880, toluwin 890, firidin 200. Masu sauƙi irin su etanol da asiton an yarda su kai 5,000.

Sannan a dubi yawan da ke shiga jikin majiyyaci. Kwalbar Vfend mai maganin fangas miligiram 200 tana ɗauke da SBECD miligiram 3,200, wato ninki 16 na maganin. Garin Veklury, remdesibir ɗin da aka yi ta nema lokacin korona, miligiram 100 ne na magani a kan giram 3 na zoben. Dattin da ba ya kai ya kawo a ɗan mitsitsin sinadari, a nan ana ɗura shi ne giram-giram kai tsaye cikin jijiyar mutumin da yake kwance a asibiti.

Yaya ake haɗin cikin ruwa?

Domin yin SBECD, a narkar da beta cikin ruwa da kostik soda, wadda masu haɗa sabulu suka sani. Sodar tana taimaka masa ya narke, tana kuma buɗe hannayen zoben su karɓi sarƙa. A ɗumama, a riƙa ɗiga sinadarin butan salton a hankali ana juyawa. Mai kula da tanki idonsa na kan ma'aunin kaifi: sodar ta yi ƙasa, aiki ya tsaya, ta yi yawa, sinadarin ya watse a banza. Ana son kowane zobe ya samu sarƙa shida zuwa bakwai a matsakaici.

Rabin aikin a tacewa yake. Ana tura ruwan ta wata matata mai ramukan da gishiri da ƙananan datti ke iya wucewa, zoben kuwa ya tsaya. Ana ta ƙara ruwa mai tsarki ana wankewa har gishirin ya ƙare. Daga nan a bi da shi ta cikin gawayin da aka sarrafa, ya shanye launi da sauran ƙazanta, a sake tacewa saboda ƙwayoyin cuta. A ƙarshe a fesa ruwan cikin hasumiya mai iska mai zafi, ya sauko fari fat, gari. HPBCD ma hanyarsa kusan ɗaya ce, sai dai furofilin oksayid ake zubawa.

Ke nan ba sauran haɗari?

Da sauran rina a kaba. Tallan da ke cewa babu sinadarin narkarwa yakan sa mutum ya ɗauka komai lafiya lau ne, alhali butan salton kansa yana iya taɓa ƙwayoyin halitta, shi ya sa kundin magunguna na Amurka bai yarda ragowarsa ta wuce rabin kashi cikin miliyan ba. Furofilin oksayid yana tafasa a digiri 34, yana kama wuta, yana kuma cikin abubuwan da ake zargi da jawo cutar daji. Ga shi ruwan yana cinye wani kaso na sinadarin kafin ya isa ga zoben, dole a zuba fiye da buƙata. Ruwan wankin ma ba kaɗan ba ne, kuma sai an gyara shi kafin a sake shi waje. A ganina hanyar ruwa ta fi, amma a faɗi gaskiya: datti iri ɗaya ta kawar, sauran sai da awo da haƙuri.

An ce akwai hanyar da ba ruwa ma?

Akwai. A zuba garin zoben da sinadarin cikin tulun ƙarfe mai ƙwallaye, a juya shi da gudu, bugun ƙwallayen ya haɗa su a bushe. Masana a Jami'ar Turin ta Italiya sun yi aiki sosai a kanta. Tulun ɗakin gwaji daban, tan-tan na masana'anta daban, kuma bayan niƙan sai an dawo ga ruwa domin tacewa.

Duk nau'o'in za su yiwu haka?

A'a. HPBCD da SBECD cakuɗe ne, wani zoben sarƙa biyar, wani takwas, matsakaicin ake dubawa. Sugamadeks kuwa, wato Bridion, wanda ake yi wa majiyyaci bayan tiyata don a warware maganin sakin tsoka, shi kansa magani ne. Dole wurare 8 na zoben gama su samu sarƙa, kowanne a muhallinsa. Matakin farko na wannan haɗin ba ya jure ruwa, don haka hanyar da aka saba tana bi ta DMF, sai a biya da doguwar tacewa a ƙarshe.