Cire Banish daga Tsofaffin Sulalla

Cire banish daga tsofaffin sulalla aiki ne da masu tara tsabar kuɗi ke yi domin kawar da siririn shafen ƙyalli da aka lulluɓe sulen da shi, ba tare da an taɓa ƙarfensa ba. A da, masu tara kuɗi da gidajen adana kayan tarihi sukan shafa wa sule banish don kada iska da gumin hannu su dusashe shi. Sai dai idan shekaru sun ja, shafen yakan koma rawaya ya tsattsage, danshi ya shiga ta tsagun, sule ya yi dabbare-dabbare.

A Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar a zamanin Faransawa har zuwa 1926, tsofaffin kuɗin da aka fi gani a gidaje da hannun dillalan Kasuwar Dole sun haɗa da dalar Mariya Tereza (sarauniyar Ostiriya), mai nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta, da dalar azurfa ta Faransa mai giram 25, wadda sunanta ya bi tsabar sefa biyar har yau. Akwai kuma kwabo da anini masu huji a tsakiya, waɗanda fatake suka shigo da su daga Kano.

Irin banish ne ke nuna abin da zai narkar da shi. Shalak, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, yana narkewa a alkol mai ƙarfi, amma banish na naitiroselulos da na akirilik, waɗanda ake haɗawa da sinadarai, asiton ne maganinsu, wato wani ruwan sinadari da ake sakawa a ruwan goge farce. Asiton ba ya cin azurfa ko zinariya, shi ya sa aka fi dogaro da shi, amma dole ya zama tsantsa, domin ruwan goge farce da ake sayarwa a shaguna yana ɗauke da mai da turare da ke barin shafi a kan sule.

Ana zuba asiton a kwalbar gilashi mai murfi, saboda yana narkar da wasu robobi, a saka sule ɗaya a ciki na 'yan mintoci, ko na wasu sa'o'i idan shafen ya yi kauri. Daga nan a mayar da shi cikin sabon asiton sau biyu ko uku, don kada narkakken banish ya sake bushewa a kansa. Abin da ya maƙale a lungun rubutu ana taɓa shi a hankali da tsinken itace, sannan a bar sule ya bushe da kansa. Asiton yana tafasa a digiri 56, yana kuma kama wuta nan take, saboda haka a zafin bazara na Damagaram, lokacin da ake haura digiri 40, a inuwa mai iska ake aikin, nesa da murhu. Da hunturu kuwa ƙura ce abar tsoro, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta karce fuskar azurfa idan aka goga ta a kai.

Dabarar maƙeran fari ta wanke zobe da awarwaro da toka ko lemun tsami ta dace da kayan ado, amma ɓarna ce ga sulen tarihi, domin tana cinye duhun tsufan da masu saye ke nema, kuma kamfanonin tantance kuɗi irin su PCGS da NGC suna yi wa sulen da aka goge alama ta daban, abin da ke karya farashinsa. Jan ƙarfe ya fi wuyar sha'ani: sau da yawa an riga an goge shi kafin a shafa banish, don haka da zarar an tsiraita shi sai ya yi duhu cikin sauri. Saboda wannan, idan banish bai tsage ba kuma launin sulen bai sauya ba, masana da dama sukan bar shi yadda yake. Wanda aka cire wa kuwa, ta gefensa ake riƙe shi, a ajiye shi a mazubin da babu robar PVC, wadda ke haifar da koren danƙo a kan ƙarfe.