Misin mai zuwa ya tafi da ƙarar ƙyas-ƙyas a injin a-kori-kura

Misin shi ne abin da kanikawa ke cewa idan silinda ɗaya ko fiye ta kasa ƙona man da ke cikinta a kan lokaci. Inji sai ya riƙa rawa a silo, mota ta riƙa fizga idan an taka totur, shan mai ya ƙaru. Wanda ya fi wahalar ganowa shi ne mai zuwa ya tafi. Motar da ta wahalar da direba a hanyar Alƙaleri da buhunan masara a bayanta, tana shiga gareji a Gombe sai ta yi lafiya lau. Idan kuma ƙarar ƙyas-ƙyas ta haɗu da shi, tambayar farko ita ce: cuta ɗaya ce, ko biyu ne suka haɗu?

Abin da silinda ke buƙata

Injin fetur na son abu uku a kowace silinda: tartsatsin wuta daga fulogi, haɗin mai da iska daidai gwargwado, da matsi. Kowane misin daga ɗayansu yake fitowa. Injin dizal, irin 5L na tsofaffin Hilux, ba shi da fulogin tartsatsi, don haka zargi a kansa yakan faɗa kan nozul, famfo, ko iskar da ta shiga layin mai.

Lokacin da abin ke faruwa

Bayanin direba ya kai rabin aikin. Misin da ke fitowa a hawan tudu da kaya, kamar hawan Jos daga Bauchi, galibi na wuta ne, domin idan matsi ya ƙaru a silinda tartsatsi na buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya tsallaka bakin fulogi, kuma koyil, wadda ke ba fulogi wuta, in tana da rauni a nan take tona kanta. Wanda ke jiran inji ya yi zafi, musamman a ranakun Maris da Afrilu, yakan zama koyil ko sensa mai tsagewar da zafi ke buɗawa. Na damina da na bayan wankin inji yana nuna wayar fulogi ko robar koyil ta tsage. Na farkon tayarwa da safe, wanda ke wucewa cikin minti ɗaya, abin tsoro ne idan ruwan lagireto na raguwa: wataƙila gaskit ɗin tof ne ke ɗigar da ruwa cikin silinda da dare.

Mai ma yana da laifinsa. Fetur na galan a bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti, kuma a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, wanda ya lalata motoci. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe matatar iska, ta ɓata sensar da ke auna iskar. Irin waɗannan sukan taɓa silindoji duka.

Karanta ƙarar

Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yana juyawa sau ɗaya a duk juyi biyu na kiranshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, saboda haka ƙarar bawul tana tafiya da rabin saurin inji, daga sama take, kuma siririya ce. Ƙara mai kauri daga ƙasa, gwaf-gwaf, wadda ke ƙaruwa da kaya, ta metal ce, wato shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kanta. A kashe motar. Bakanike yakan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, yana bin wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Wata ƙarar ba cuta ba ce, injektoci kullum suna ƙyas-ƙyas a aikinsu. Ƙarar da ke da ƙarfi da sanyin safiya ta lafa idan inji ya ɗumama, sau da yawa hayaƙi ne ke tsiyaya a mahaɗar manifol ɗin salansa. Ƙarfe na kumbura da zafi ya rufe kafar. Baƙin toka a gefen mahaɗar ko karyayyen ƙusa su ne shaida.

Ƙara uku ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da misin. Ta farko tartsatsi ne da ke tsallakewa daga tsagaggiyar waya zuwa jikin inji, ana ganin shuɗin haskensa da dare. Ta biyu fulogin da ya kwance a raminsa, iska na fita ta zaren. Injin Triton 5.4 na Ford mai bawul biyu a kowace silinda ya yi suna wajen tofar da fulogi gaba ɗaya. Ta uku tafet ce, ɗan ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul. Injin 2TR-FE mai lita 2.7, wanda ke cikin Hilux da yawa tun 2004, tafet ɗinsa da matsin baƙin mai yake daidaita kansa, don haka mai da ya tsufa, ya ragu, ko bai dace ba yakan sa shi ƙara. Tsohon 22R da hannu ake saita shi. A manyan a-kori-kura na Amurka da ake shigowa da su tokumbo, irin Ram mai injin Hemi 5.7 da Silverado mai 5.3, lifta, wato tafet ɗin irin waɗannan injinan, takan lalace, wani lokaci har ta ci kamshaf. Bawul ba ya buɗewa sosai, ƙara da misin su fito daga silinda ɗaya.

Gwaji

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da tsarin OBD-II, wanda ta hanyarsa kwamfutar mota ke bayyana matsala da lamba, kuma yawancin na yanzu suna da irinsa. Na'urar sikanin takan nuna P0300 idan misin bai tsaya wuri ɗaya ba, P0301 ga silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har zuwa P0308 a inji mai silinda takwas. Lambar tana faɗin inda abin yake, ba ta faɗin dalili. Kwamfutar motar tana ajiye saurin inji da zafinsa a lokacin da matsalar ta faru, don haka cire kan batir don a kashe fitilar gargaɗi zubar da shaida ne. Idan fitilar tana ƙiftawa, ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona katalis, na'urar da ke tace hayaƙi.

Gwaji mafi arha shi ne musanya. A ɗauke koyil ta silindar da ake zargi a kai ta wata, a share lambar, a fita hanya. In lambar ta bi koyil, an kama ɓarawo. In ta tsaya, a musanya fulogi, sannan injekta. Wannan ya fi al'adar sayen koyil huɗu a lokaci guda, balle a kasuwar da jabun fulogi ya cika. Fuskar fulogin ma tana magana: baƙi busasshe mai ne ya yi yawa, jiƙaƙƙe da baƙin mai zoben fistin ne ko robar bawul, wanda ya yi fes fiye da 'yan'uwansa kuwa ruwa ne ke wanke shi.

Idan misin ya ƙi barin silindarsa bayan duk wannan, sai a auna matsi. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin silindoji matsala ce. A zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: in matsin ya tashi zobe ne, in bai tashi ba bawul ne ko gaskit. Matsi kan iya fitowa daidai alhali lifta ta mutu, shi ya sa ake buɗe murfin bawul a juya inji da hannu, ana kallon ko kowane bawul yana nutsewa daidai da maƙwabcinsa. Ana kuma yanka matatar baƙin mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinta.