Masu Jifa Daga Bayan Fage: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yarfen Zaɓen Fidda Gwani a Amurka

A zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a Amurka, mafi zafin magana daga bakin yaran ɗan takara take fitowa, shi kuwa yana can kan dandamali yana murmushi yana yabon "abokin takarata". Fafatawar Hillary Clinton da Barack Obama a jam'iyyar Dimokurat a 2008 ta nuna wannan wasan ƙarara, shi ya sa yawancin misalan da ke ƙasa daga cikinta suke.

Su wane ne waɗannan masu tsara dabarun?

Ƙwararru ne da ake ɗauka haya. Su ke gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, su tara mutane goma ko sha biyu a ɗaki su nuna musu talla su ga inda fuskokinsu suka canza, sannan su yanke abin da ɗan takara zai riƙa maimaitawa da abin da zai kama bakinsa a kai. A 2008 babban mai tsara wa Hillary dabaru shi ne Mark Penn, wanda ya yi wa mijinta Bill Clinton aiki a zaɓen 1996. A gefen Obama akwai David Axelrod, da David Plouffe a matsayin manajan yaƙin neman zaɓe.

In 'yan jam'iyya ɗaya ne, me ya kawo suka mai zafi haka?

Kamar da suke yi da juna ita ce ta kawo ta. A babban zaɓe tutar jam'iyya kaɗai ta isa ta raba wa mai ƙuri'a gardama. A fidda gwani kowa tuta ɗaya yake ɗagawa. Hillary da Obama bakinsu ya zo ɗaya kan kusan kowace manufa, in ka cire wani ɓangare na tsarin inshorar lafiya da kuma ƙuri'ar da ta kaɗa a 2002 ta ba da izinin yaƙin Iraƙi. To in manufa ba ta raba su ba, sai a koma kan mutumin: ita tsohuwar zuma ce ta Washington da ba a yarda da ita ba, shi kuma ɗanye ne da bai ga jiya ba balle shekaranjiya.

Me ya hana ɗan takarar ya yi sukar da bakinsa?

Mai jifa ma ƙura na taɓa shi. Masu zaɓe kan ji sukar su riƙe ta, amma su rage ƙaunar wanda ya furta ta. Saboda haka ake raba aiki: wani ya yi jifan, mai gida ya ce bai san zance ba.

Dubi abin da ya faru a Disamba 2007, makonni kaɗan kafin zaɓen jihar Iowa, wanda shi ne na farko a fidda gwanin. Bill Shaheen, ɗaya daga cikin shugabannin yaƙin Hillary a jihar New Hampshire, ya faɗa wa jaridar Washington Post cewa in aka tsayar da Obama, 'yan Rifablikan za su taso shi da maganar shaye-shayen ƙuruciyarsa, har su tambaya ko ya taɓa sayarwa. Obama da kansa ya riga ya rubuta cewa ya taɓa shan ƙwaya yana saurayi, don haka ba wani asiri aka tona ba. Abin da ake so shi ne maganar ta dawo kanun labarai. Ka lura da yadda aka lulluɓe ta: ba mu muka ce ba, muna dai jin tsoron abin da 'yan adawa za su ce ne. Washegari Shaheen ya ajiye muƙaminsa, Hillary kuma ta ba Obama haƙuri ido da ido a filin jirgin sama na Washington.

Da yammacin ranar Mark Penn ya bayyana a talabijin don ya ce ba ruwansu da wannan batu. Cikin musantawar ya ambaci hodar ibilis da sunanta. Joe Trippi, mai tsara dabaru ga John Edwards, wani ɗan takarar Dimokurat, yana tsaye kusa da shi, nan take ya katse shi yana cewa ga shi ya sake faɗa. An nemi gafara, an sallami mutum, amma kalmar ta shiga kunnen da ake so ta shiga.

Ɓangaren Obama ma ya ga irin tasa. A Maris 2008 mai ba shi shawara kan harkokin waje, Samantha Power, ta kira Hillary dodo a hirarta da jaridar The Scotsman ta Sikotland, ta yi ƙoƙarin janye kalmar amma jaridar ta buga. Ta sauka. Wannan kam ya fi kama da subutar baki, ko da yake saukar tata ba ta hana ta zama jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013 ba.

Ina suke samo abin jifan?

Kowane ofishin yaƙin neman zaɓe yana da sashen tonon silili. Matasa ne ke kwana kan tsofaffin jawabai, takardun kotu, rajistar ƙuri'un majalisa da rahoton kashe kuɗi. In sun samu abu, ba su fitar da shi da sunansu. Sai su tsegunta wa ɗan jarida bisa sharaɗin kada ya faɗi majiyarsa.

A 2007 labari ya bazu cewa John Edwards, wanda ya gina takararsa kan yaƙi da talauci, ya biya dala 400 kuɗin aski daga asusun yaƙin neman zaɓe. Aka yi ta yi masa dariya wata da watanni. Sai bayan an gama zaɓe Plouffe ya amsa cewa masu binciken Obama ne suka gano lissafin suka miƙa wa 'yan jarida. Wannan fa ɓangaren da ke wa'azin sabuwar siyasa mai tsafta ke nan.

Gaskiya ne an yi amfani da asali da addini a kan Obama?

An yi, amma wanda ya ba da umarni shi ne abin da ake jayayya a kai. A Maris 2007 Penn ya rubuta wa Hillary takardar sirri yana cewa tasowar Obama a Hawaii da Indunusiya rauni ne, domin saiwarsa a al'adun Amurka ba ta yi zurfi ba. Shawararsa ba ta ce a fito a faɗi haka ba. Cewa ya yi Hillary ta riƙa jaddada cewa ita haifaffiyar tsakiyar Amurka ce, a cika jawabanta da kalmar Amurka, a yawaita tutoci, mai sauraro ya ƙarasa sauran da kansa. Mujallar The Atlantic ce ta fallasa takardar a Agusta 2008. Hillary ba ta ɗauki wannan layi a matsayin manufar takararta ba, kuma adalci ne a faɗi hakan.

Duk da haka abubuwa sun riƙa ɓullowa ta gefe. A Iowa an sallami wasu masu yi mata aikin sa-kai saboda sun yaɗa saƙon imel da ke cewa Obama Musulmi ne a ɓoye, alhali Kirista ne. A Fabrairu 2008 kuma wani hoto ya karaɗe intanet: Obama sanye da farin rawani da mayafi irin na dattawan Somali, kayan da aka naɗa masa don girmamawa lokacin da ya ziyarci Wajir a arewa maso gabashin Kenya a 2006. Shafin Drudge Report ya ce ma'aikatan Hillary ne ke yaɗa shi. Plouffe ya kira abin tsoratar da jama'a mafi muni da aka gani a zaɓen, ɓangaren Hillary kuma ya ce ba da izininsa aka yi ba. Abin takaici a nan, rawanin da a Kano ko Damagaram alamar daraja ce, a can shi aka mayar hujjar tuhuma.

Yarfen yana cin zaɓe kuwa?

Yana ci idan ya taɓa shakkar da mai zaɓe ya riga ya ɗauko daga gida. A ƙarshen Fabrairu 2008, bayan Obama ya lashe zaɓuka fiye da goma a jere, ɓangaren Hillary ya saki tallar "ƙarfe uku na dare". Yara na barci a gadajensu, uwa ta leƙo ɗakin, waya na ta ƙara a fadar White House, murya na tambaya: wa kake so ya ɗauka? Can ƙarshe sai ga Hillary da tabarau ta ɗaga wayar. Ko sau ɗaya ba a ambaci sunan Obama ba, kuma kowa ya gane da wa ake. Ranar 4 ga Maris ta ci Ohio, ta kuma fi shi ƙuri'u a zaɓen Texas.

Akwai kuma ƙazamin salo. A fidda gwanin Rifablikan na 2000, bayan John McCain ya lallasa George W. Bush a New Hampshire, sai aka riƙa kiran masu zaɓe a Carolina ta Kudu ta waya da sunan jin ra'ayi, ana tambayarsu ko za su zaɓi McCain in sun san ya haifi baƙar yarinya ba ta hanyar aure ba. Yarinyar da ake nufi 'yar riƙonsa ce da matarsa ta ɗauko daga gidan marayu a Bangaladash. Mutanen Bush sun musanta hannu a ciki, ba a kuma kama kowa ba. Bush ya ci jihar.

Amma in 'yan takara sun fi biyu, lissafin yakan juye. A fidda gwanin Dimokurat a Iowa a 2004 Howard Dean da Dick Gephardt, waɗanda ke kan gaba, suka yi ta ragargazar juna da tallace-tallace. Jama'a suka gaji da su duka biyun: John Kerry ya zo na ɗaya, Edwards na biyu, Dean na uku, Gephardt na huɗu ya tattara ya fita.

Babu dokar da ta hana?

Kaɗan ce. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964, ɗan siyasar da ya kai ƙarar ɓatanci sai ya tabbatar cewa an san ƙarya ce aka faɗa, ko an yi ganganci da gaskiya. Dokar 2002 ta tilasta wa ɗan takara ya ce da bakinsa ya amince da tallarsa, amma hukuncin 2010 ya buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin gefe masu tara kuɗi ba iyaka. Irinsu ce, ƙarƙashin tsofaffin yaran Mitt Romney, ta sauko da Newt Gingrich daga sahun gaba zuwa na huɗu a fidda gwanin Rifablikan a Iowa a Janairu 2012.

In an gama, ina kalaman suke zuwa?

Ɗaya jam'iyyar ce ke tsince su. A 1988 Al Gore ne ya fara tayar wa Michael Dukakis da batun hutun da ake ba fursunoni a Massachusetts, a wata muhawarar 'yan Dimokurat. Lee Atwater na Rifablikan ya ɗauki zancen ya kassara Dukakis da shi a babban zaɓe. A Agusta 2008 McCain, ɗan takarar Rifablikan, ya saka muryar Hillary cikin tallarsa tana cewa McCain yana da gogewar rayuwa guda, Obama kuwa jawabi ɗaya gare shi da ya yi a 2002. Su 'yan takarar kan shirya. Hillary ta janye ranar 7 ga Yuni, ta kuma zama sakatariyar harkokin wajen Obama.

A Najeriya fa, haka abin yake?

Rabon aikin iri ɗaya ne, kuma duk mai sauraron sojojin baka a rediyoyin Kano ya san shi. A farkon Yuni 2022 Kashim Shettima, jigo a yaƙin Bola Tinubu, ya ce a talabijin Yemi Osinbajo mutumin kirki ne, amma mutanen kirki gara su je su sayar da gugguru da askirim. Ya nemi afuwa daga baya. A fidda gwanin APC Tinubu ya samu ƙuri'u 1,271, Rotimi Amaechi 316, Osinbajo 235, kuma a watan Yuli Shettima ya zama mataimakin takara.

Bambancin yana wajen wanda ake son shawo kansa. Hillary da Obama sun yi wata biyar suna neman ƙuri'un mutane sama da miliyan 30, don haka talla tana da aiki. A manyan jam'iyyun Najeriya na 2022 deliget ne suka yi zaɓe a zaure ɗaya, akasarinsu a hannun gwamnoni, kuma maganar dare ta fi ta rediyo nauyi. A zaɓen PDP na 28 ga Mayu, abin da ya kayar da Nyesom Wike shi ne janyewar Aminu Tambuwal ga Atiku Abubakar a kan dandamali, aka tashi 371 da 237. Sulhu irin na Hillary da Obama bai biyo baya ba: Wike ya jagoranci gungun gwamnoni biyar, har da shi, suka juya wa Atiku baya, kuma a 2023 ya zama ministan Abuja a gwamnatin Tinubu.