Yatsa uku: ba a hana su a tabkunan Tawa ba

Tun makon jiya wata murya ke yawo a WhatsApp, wai an yi sabuwar doka da ta hana su a tabkunan jihar Tawa, wai duk wanda aka tarar da raga a bakin ruwa za a ƙone ragar a wuce da shi gidan kaso. Sau uku ana turo mini ita. Ta ukun daga matar da nake sayen soyayyen kifi a wurinta ce. Ta ce mutum biyu da ke kawo mata kifi daga Tabalak sun yi kwana huɗu ba su shiga ruwa ba, ita kuma kaskonta na kife, yara na kallonta. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, don tsoron da ba shi da tushe ma yana hana tukunya tafasa.

Ba a hana su ba. A ranar 7 ga Disamba 1998 Nijar ta yi doka mai lamba 98-042 a kan sha'anin su, kafin ita ma akwai ta 1971, sannan a 2021 aka yi wata da ta maye gurbinta, ta haɗa kamun kifi da kiwon kifi. To tsara su da doka ba sabon abu ba ne, ya girmi da yawa daga cikin samarin da ke jan raga a Tabalak da Ɗan Dutsi. Dokar 1998 ta ce ikon su a ruwan jama'a na hukuma ne, ita ke ba mutum izini, ɗan ƙasa ko baƙo. A dokar ta 1998 takardar izinin iri uku ce: ta mai su don sayarwa, ta mai yi don nishaɗi, da ta mai bincike. Baƙon masunci daga Najeriya ko Mali ba korarre ba ne, ya yanki takarda kawai.

Wasu kuma na cewa tunda Tabalak da Ɗan Dutsi sun shiga jerin Ramsar, wato jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya, a 2005, shi ke nan Turawa sun saye ruwan. Yarjejeniyar Ramsar ba ta hana cin amfanin ruwa, abin da take nema shi ne a ci da hankali. Shekara nawa ke nan ana su a wuraren bayan an sa su a jerin?

Inda ake ruɗewa na gaskiya shi ne maganar ido. Dokar 1998 ta hana su da ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 idan an ja idon ya miƙe. Kalmar "an ja" ɗin nan ita ce gaɓar. Idon raga kusurwa huɗu gare shi, ƙulli a kowace kusurwa. Ba gefe ɗaya ake aunawa ba. Kama ƙulli biyu masu kallon juna za ka yi, ka ja har idon ya rufe ya zama kamar zare ɗaya, sannan ka auna daga ƙulli zuwa ƙulli. Idan ya ba ka santimita 6, to kowane gefe santimita 3 ne. Wanda ya ɗora ma'auni a gefe ɗaya ya ga 3, sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ragarsa rabin abin da ake nema ce, alhali daidai take.

Na ga haka da idona. Wani dattijo da ya fi shekara arba'in a ruwa ya cusa kallinsa, wato ragar da ake kafawa a ruwa kifi ya maƙale, a buhu ya tura ƙarƙashin rumbu, saboda jikansa ɗan makaranta ya auna masa da abin awon aji ya ce masa uku ne.

Na ce, "Baba, a fito da shi mu gani."

Ya ce, "Malam, kar ka ja mini abin da ya fi ƙarfina."

Muka jiƙa shi a bokiti, don zare na canjawa idan ya sha ruwa, kuma a jiƙe ya kamata a auna. Muka ja ido goma a wurare daban-daban, ba wanda ya gaza santimita shida. Ya tura yatsunsa uku suka shige ba gardama. Ya daɗe yana kallon ragar bai ce komai ba, sannan ya aiki yaron ya ɗauko masa gorarsa.

Sai dai yatsa ba ɗaya ba ne. Na saurayi siriri da na wanda ya shekara talatin yana tuƙa jirgi ba za su ba da awo guda ba, kuma a nan ake yawan samun gardama a bakin ruwa. Shawarata ga kowane sarkin ruwa da kowane shugaban ƙungiyar masunta ita ce a yanki ɗan kara mai santimita 6 a ajiye, kowa ya gwada kayansa tun a gida. Akwai kuma masu ɗauka cewa santimita 6 ɗin tsawon kifi ne. A'a, awon raga ne. Kama ƙananan kifin da ba su isa haihuwa ba da sayar da su wani hani ne daban a cikin dokar 1998, kuma shi ya shafi har mai saye don sayarwa.

Me ya sa aka tsaya a kan ido? Kalli a wuya yake kama kifi: kai ya shige, jiki ya ƙi wucewa, zare ya maƙale a bayan marfin kunne. Girman ido shi ke zaɓen girman kifin da zai mutu. Dubi karfasa. Uwar a baki take riƙe ƙwanta, ɗaruruwa, ba ta cin abinci har su ƙyanƙyashe, bayan nan ma 'ya'yan na gudowa bakinta idan sun ji motsi. Tarwaɗa kuwa sai ruwan damina ya malale cikin ciyawa take zuba ƙwai, 'ya'yan su yi wayo a ruwa marar zurfi. Wanda ya bi gefen nan da gidan sauro ya kwashe abin da bai cika kwano ba, amma a cikinsa akwai kifin buhu da yawa na baɗi. Manomi ya san sunan wannan: cin iri. Ga shi gidan sauron da ake rabawa yana ɗauke da maganin ƙwari, wanda shi kansa guba ne ga kifi.

Dalili ɗaya ne ya sa dokar 1998 ta hana taru da ragunan da ke sharar ƙasan ruwa, har ta kira kindi-kindi da tarun duru da sunansu. Ba sa zaɓe, kuma suna rushe ramukan da namijin karfasa ke haƙawa a ƙasa don aure. Zuba guba da jefa nakiya da sa lantarki ba sai na tsaya a kansu ba. Wanda ya zuba magimfa ko maganin feshi a tabkin da mutane da shanu ke sha ya san abin da ya yi.

Rufe ruwa na ɗan lokaci shi ma ba hana su ba ne. Yawancin tabkunanmu ba su haɗe da kogi, kifin da ke cikinsu kawo shi aka yi aka zuba. Idan an zuba iri, ko lokacin haihuwa ya zo, akan rufe na wasu watanni, a buɗe a rana sananniya. Kakanninmu ma sun yi haka, ba mai shiga sai sarkin ruwa ya ba da baki.

Sai hukunci, wanda shi ne ya fi firgita mutane. Gaskiya ne dokar ta tanadi tara, ta tanadi ƙwace kayan da aka yi laifin da su, ta tanadi ɗauri. Amma ɗauri aikin alƙali ne. Ma'aikacin ruwa da gandun daji da ya tarar da kai a bakin tabki, nasa shi ne ya duba takardarka, ya auna ragarka, idan akwai laifi ya rubuta shi, ya riƙe kayan. Ba shi ke yanke maka watanni ba. Wanda ke da takarda, ragarsa ta cika ido, ruwan kuma a buɗe yake, ba shi da dalilin gudu. Idan an ce ka biya, ka tambayi laifin da aka rubuta, ka karɓi rasit, ka adana. Kuɗin da aka miƙa ba takarda bai wanke kowa ba, gobe ma za a dawo. Kuma ka riƙa tafiya da takardar izininka a leda, don ta gida ba ta amsa tambaya a bakin ruwa.

Ni ina ganin dokar ido tana da gaskiya, amma ba zan ce ba ta da gyara ba. Awo ɗaya ne aka sa wa kifaye masu girma daban-daban. Yatsa uku na ba karfasa damar haihuwa, giwan ruwa kuwa, da ke shekaru kafin ta balaga, tana faɗawa idon santimita 6 tana jaririya. Sannan akwai ƙananan tabkunan da ke ƙafewa ƙaf kafin bazara ta ƙare. In ban da gaiwa da ke shigewa laka ta jira damina, duk abin da ke ciki mutuwa zai yi. Masuncin da ya tambaye ni wa zai bar wa wannan kifin, ban iya ce masa ya yi kuskure ba. Ya kamata irin waɗannan wurare su sami tsari na musamman, a rubuce, wanda hukuma da masunta suka zauna a kai, a daina barin abin ga sa'ar wanda ka haɗu da shi ranar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a kan wa nauyin ke sauka. Raga mai yatsa ɗaya ba a bakin tabki ake saƙa ta ba. A kasuwa ake sayar da ita, a rataye, kowa na gani. Masuncin da ya ci bashin ɗan kasuwa ya saye ta, shi ke asarar kayan, bashin kuma na nan a wuyansa. Da za a fara awon daga rumfar mai sayarwa, a kuma ba masu ƙananan raguna wa'adi da hanyar musanya, da rabin rigimar bakin ruwa ta mutu.

Jiya da yamma na koma wurin mai suyar nan da ɗan karan da na yanka, na ce, "Hajiya, ki ba mutanenki su gwada." Ta ɗaure shi a bakin zane. Ta ce ɗaya daga cikinsu ya riga ya shiga ruwa da asuba, ɗayan kuwa ragarsa yatsa biyu ce, yana neman wanda zai ranta masa kuɗin wata.