Waiwaye: Gardamar 1948 a shafukan littattafai

Mai son fahimtar rikicin Isra'ila da Falasɗinawa ta hanyar karatu zai tarar littattafan suna ta kewaya tambaya guda: Falasɗinawa kusan 700,000 da suka bar gidajensu a yaƙin 1948, tafiya suka yi da kansu ko korarsu aka yi?

Tun ƙurar yaƙin ba ta lafa ba, Kustantin Zuraik, ɗan Siriya mai koyar da tarihi a Jami'ar Amurka da ke Beirut, ya fitar da ɗan littafinsa Ma'anan Nakba. Daga nan kalmar Nakba, wato babbar masifa, ta samu gindin zama. A Isra'ila kuwa, labarin da aka daɗe ana yaɗawa shi ne shugabannin Larabawa ne suka yi shela ta rediyo cewa kowa ya fice, ya dawo bayan an ci nasara. A 1961 ɗan jaridar Ireland Erskine Childers ya bi rumbun BBC na abin da gidajen rediyon Larabawa suka watsa, bai samu wannan shelar ba. Aka yi kunnen uwar shegu da shi.

Al'amarin ya sauya ne da Isra'ila ta fara buɗe takardun gwamnati da na soja bayan sun shekara 30. Benny Morris, masanin tarihi ɗan Isra'ila, ya shiga cikinsu, ya fito da The Birth of the Palestinian Refugee Problem wajen 1988. Gari-gari ya bi: nan an gudu don tsoro bayan kisan kiyashin da mayaƙan Yahudawa suka yi a ƙauyen Deir Yassin, can an gudu don ruwan wuta, a Lidda da Ramla kuwa umarnin kora aka bayar a watan Yuli, da sa hannun Yitzhak Rabin, hafsan sojan da daga baya ya zama Firaministan Isra'ila. Sai dai ya ce yaƙi ne ya haifar da gudun hijirar, ba shiri aka yi tun farko ba. Ilan Pappe, shi ma ɗan Isra'ila, ya ƙi yarda. A The Ethnic Cleansing of Palestine na 2006 ya ce Shirin Dalet, wato tsarin yaƙin da rundunar Yahudawa ta zana a Maris 1948, taswirar kora ce. Walid Khalidi, masanin tarihi Bafalasɗine, ya faɗi haka tun 1961, amma a ganina ƙasashen Yamma ba su saurara ba sai da zancen ya fito daga bakin 'yan Isra'ila da kansu.

Ba a bar su sun sha ruwa ba. Efraim Karsh, wani masanin tarihi ɗan Isra'ila, ya rubuta littafi sukutum a 1997 yana zargin su Morris da Pappe da murɗe takardu. Shi kansa Morris ya ba mutane mamaki a 2004, da ya gaya wa jaridar Haaretz cewa kuskuren Ben-Gurion, Firaministan Isra'ila na farko, shi ne bai ƙarasa korar ba. Hujjojinsa ba su canja ba, hukuncinsa ne ya juya.

Falasɗinawa ba su da irin wannan rumbu na gwamnati. Wanda suka tara a cibiyar bincikensu ta Beirut ma sojojin Isra'ila sun kwashe shi a 1982. Shi ya sa All That Remains na Walid Khalidi, wanda ya fito a 1992, yake da nauyi: ƙauyukan Falasɗinawa 418 da suka zama kufai a yaƙin ne a ciki, kowanne da yawan mutanensa da abin da ya rage a wurin, wani rijiya, wani maƙabarta, wani 'yan itatuwa.

Da za a tambaye ni, sai in ce a fara da The Hundred Years' War on Palestine na Rashid Khalidi, na 2020, sannan a ɗora da Morris. Rashid Khalidi ya buɗe ne da wasiƙar da wani kakansa na dangi, Yusuf Diya, tsohon magajin garin Ƙudus, ya aika a 1899 ta hannun babban malamin Yahudawan Faransa, yana roƙon a ƙyale Falasɗinu domin akwai mutane a cikinta. Theodor Herzl, jagoran yunƙurin kafa ƙasar Yahudawa, wanda aka miƙa wa wasiƙar, ya ba shi amsa cewa zuwan Yahudawa arzikin mazauna ƙasar zai ƙara.