Ka shigo birnin Kano daga ƙauye: ina za ka ci abinci?

Na sauka a tashar Yankaba daga Ringim, ga yunwa. In ci a nan ko in daure?

Ci abinka, amma ka lura da rumfar da direbobi da 'yan kamasho ke cika. Kullum suna wurin, ba sa komawa wajen mai tuwon da ta taɓa ɓata musu ciki. Haka ma wanda ya biyo ta Wudil ya sauka a Unguwa Uku.

Mene ne bai kamata ya wuce ni ba?

Gurasa. Nemi ta cikin gari, wajen Jakara, inda ake gasa ta a tanderu tun kaka da kakanni. Ka ce a yi maka bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a kwarara man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. In aljihu da nauyi, a ɗora tsire mai zafi. Ni dai a ganina ta fi rabin abin da ake kawowa a faranti mai ƙyalli. Tsarabar gida kuwa, kilishin Agadasawa.

Da iyali nake tafe, ina son wurin zama mai sanyi.

To, sai titin Gidan Zoo ko Nasarawa da Bompai. Can za ka samu shinkafa da kaza, shawarma, da girkin Larabawan Lebanon, waɗanda suka daɗe da zama a Kano. Manyan otal irin su Tahir da Bristol ma suna da ɗakin cin abinci, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Me ya sa kuɗin da aka rubuto ya ɗara wanda na gani a takardar abinci?

Harajin VAT ne, kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, wasu kuma su ƙara da ladan hidima. Tambayi jimilla kafin a zuba, babu kunya a ciki. Ruwan roba ma sai ka biya.

Sabon Gari fa?

Sakwara da miyar agushi da farfesu, can ne gidansu. Sai dai wasu wuraren suna haɗawa da sayar da giya, don haka ka leƙa tukuna kafin ka shigar da Hajiya da yara.