Waiwaye: yadda samfurin kwamfuta ya karɓe aikin takardar zane a masana'antu

A da, takarda ce ke haɗa injiniya da maƙeri. Injiniya ya zana ƙarfe ta gaba, ta sama da ta gefe, ya jera awo, shi kuwa mai injin yanka ya harhaɗa siffar a kansa. In ya karanta lamba ɗaya a karkace, ƙarfen ya tafi bola.

Sauyin ya faro ne a 1963, lokacin da Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, ana zane a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske. A Faransa, Pierre Bézier na Renault ya fito da lissafin lanƙwasar jikin mota, sannan a 1977 kamfanin ƙera jiragen sama na Dassault ya soma manhajar zane da ta zama CATIA. Da ita aka zana Boeing 777 kaf ɗinsa, jirgin da ya fara tashi a 1994.

To amma siffa kaɗai ba ta wadatar da maƙeri. Yana buƙatar sanin irin ƙarfen, santsin fuskarsa, da iya kuskuren awon da aka yafe masa. Ƙa'idar ASME Y14.41 ta 2003, wadda ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta fitar, ta tsara yadda za a rubuta waɗannan a jikin samfurin kansa, wato siffar da aka zana a cikin kwamfuta, ta yadda injin yanka da na'urar awo za su sha daga rijiya ɗaya.

A ganina, darasin da ya fi ciwo ya fito ne daga Airbus A380. Injiniyoyin Hambug a Jamus suna aiki da tsohon zubin CATIA na 4, na Tuluz a Faransa suna kan na 5, bayanan ba sa haɗuwa sosai. Jirgi ne mai wayoyin lantarki kusan kilomita 500. Da aka zo shimfiɗa su, sai ga wasu sun gaza tsawo, ma'aikata suka koma warwarewa da sakewa da hannu. Kowa ya bi zanensa, amma aikin ya watse. Sai a Oktoban 2007 Singapore Airlines ta karɓi na farko, bayan jinkirin kusan shekara biyu.

Irin wannan ne ya ƙara wa ƙa'idar musayar bayanai ta STEP daraja, musamman sashenta na AP242 na 2014, wanda ke ɗauko siffa tare da awonta daga wata manhaja zuwa wata. Jirgi yakan yi shekara talatin yana aiki, kuma dole fayil ɗinsa ya buɗu ranar da za a ƙera masa sabon kayan gyara.